Hayaƙin Landan: Wa Zai Titsiye Magajin Gari, Kuma a Kan Me?

A ranar 29 ga Agustan 2023 ne tsarin nan da ake kira ULEZ ya game dukkan birnin Landan. Daga ranar, duk wanda ya hau titi da motar da injinta bai cika sharaɗin tsaftar hayaƙi ba sai ya biya fam 12.50 a kowace rana, in kuwa ya yi biris, tarar fam 180 na jiransa. Motocin da abin ya fi kamawa su ne na fetur da aka ƙera kafin 2006 da na dizal da aka ƙera kafin ƙarshen 2015. Magajin garin, Sadiq Khan na jam'iyyar Leba, ya ce huhun yara yake karewa. Masu adawa suka ce aljihun talaka yake lalube da sunan muhalli. Rigimar ta je kotu, ta je akwatin zaɓe, har ta kai wasu suna fita cikin dare suna sare turakun kyamarorin da ke karanta lambar mota. Sai dai a ƙarƙashin wannan hayaniya akwai tambayar da ta fi fam 12.50 nauyi: idan hukumar birni ta ɗauki alƙawari a kan sufuri da sauyin yanayi, wa ke da hurumin tambayarta ba'asi, kuma da wane ma'auni? Wasu na ganin yawan titsiye shi ke kashe gwiwar shugaban da ya yi ƙarfin halin yin abin da ya dace. Wasu kuma na ganin kyakkyawar niyya ta zama mafakar da shugaba ke shiga don kada a duba aikinsa. Abin da nake gani shi ne kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, kuma yayin da suke ja-in-ja a kan ƙaramin abu, babban alƙawarin ya sulale ba wanda ya tare shi.

Kafin a auna hujjojin, ya kamata a san yadda aka raba iko a birnin. Ofishin magajin garin Landan bai daɗe ba. A shekarar 2000 aka kafa shi, bayan shekara 14 da gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe tsohuwar majalisar birnin a 1986. Magajin gari shi ne shugaban hukumar sufuri ta TfL, wadda ke tafiyar da motocin bas da jiragen ƙarƙashin ƙasa, shi ke naɗa mambobinta, shi ke yanka kuɗin mota. A gefensa akwai majalisa mai wakilai 25 da aikinta shi ne sa masa ido. Sau 10 a shekara yake bayyana gabanta ya amsa tambayoyi, amma ba za ta iya taɓa kasafin kuɗinsa ba sai da kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta. Ke nan magajin garin da ke da amintattu 9 ya tsira, alhali Leba na da kujeru 11. A ƙasa kuma akwai ƙananan hukumomi 32 da tsohon garin Landan, kuma su ke riƙe da kusan kashi 95 cikin 100 na titunan birnin. A sama akwai gwamnatin ƙasa, wadda ke riƙe da bakin jaka. Wannan rabo shi ya sa duk wanda aka tambaya yana da wanda zai nuna da yatsa.

Masu cewa a sakar wa magajin gari mara suna farawa ne da tarihi. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan na kwana biyar, ya kashe aƙalla mutum 4,000 a lissafin farko, sai a 1956 aka yi dokar tsaftace iska. Da magajin gari Ken Livingstone ya kawo harajin cunkoso na fam 5 a Fabrairun 2003, jaridu da 'yan kasuwa sun yi hasashen birnin zai durƙushe, bai kuwa durƙushe ba, aka kuma sake zaɓensa a 2004. Darasin da suke cirowa shi ne duk gyaran da ya taɓa mota sai an yi masa ihu a farko, daga baya a saba, har a manta an taɓa yin rigimar. Sukan ƙara da cewa dokar ƙasa ta ƙayyade yawan iskar NO2, wadda injin dizal ya fi fitarwa, kuma tun 2010 ya kamata Landan ta sauko ƙasa da wannan iyaka. A Janairun 2017, titin Brixton ya cinye adadin ƙetare iyakar da aka yarda da shi na shekara guda cikin kwana biyar kacal. Wani rahoto da aka kammala a 2013, zamanin magajin gari Boris Johnson, ya nuna makarantun firamare 433 na zaune a wuraren da iskar ta ƙetare doka, mafi yawansu a unguwannin talakawa, amma bai ga hasken rana ba sai 2016. A ganinsu, birnin da ya shekara fiye da goma yana taka dokar kansa ba shi da sauran lokacin jan ƙafa.

Hujjarsu mafi ƙarfi tana da suna. Ella Adoo-Kissi-Debrah yarinya ce 'yar shekara 9 da ke zaune a Lewisham, gidansu bai wuce mita 25 daga babban titin South Circular ba. Cikin shekara uku an kai ta asibiti kusan sau 30 saboda asma, ta rasu a Fabrairun 2013. Binciken farko na musabbabin mutuwarta, a 2014, bai ko ambaci hayaƙi ba. Mahaifiyarta ba ta haƙura ba. Wani ƙwararren likitan huhu, Farfesa Stephen Holgate, ya jera ranakun da ciwon ya tashi kusa da alƙaluman na'urorin auna iska na unguwar, ya ga suna tafiya tare. Babbar Kotu ta soke binciken farko a 2019, sannan a Disambar 2020 jami'in bincike Philip Barlow ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta, karo na farko da aka rubuta haka a takardar shaidar mutuwa a Birtaniya. Daga nan masu wannan ra'ayi ke cewa: wanda aka caza fam 12.50 ya san ranar, ya san adadin, ya san wanda zai zaga. Wanda hayaƙi ke ci kuwa a hankali yake ƙarewa, ba shi da rasit, sau da yawa ma bai kai shekarun jefa ƙuri'a ba. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na gidajen Landan ba su da mota ko ɗaya. Idan aka bar ƙarfin murya ya zama ma'auni, to direba zai rinjayi mai shaƙar hayaƙinsa kullum.

Suna kuma da abin nunawa. Rahoton da ofishin magajin gari ya fitar a Maris 2025 ya ce iskar NO2 a bakin tituna ta yi ƙasa da kashi 27 cikin 100 idan aka kwatanta da yadda za ta kasance ba don ULEZ ba, kuma kusan kashi 97 na motocin da ake gani a titi sun cika sharaɗi. A gefe guda suna nuni da ɓarnar da tsoron 'yan siyasa ke yi. A Yulin 2023 an yi zaɓen cike gurbi a mazaɓar Uxbridge, kujerar da Boris Johnson ya bari, jam'iyyar Kwanzabatib ta tsira da ita da ratar ƙuri'a 495 bayan ta mai da zaɓen ya koma na ULEZ. Nan take shugaban Leba, Keir Starmer, ya ce Khan ya sake tunani. Wata biyu bayan haka firaminista Rishi Sunak ya ɗage haramta sayar da sababbin motocin fetur da dizal daga 2030 zuwa 2035. Ƙuri'a 495 sun girgiza manufar ƙasa baki ɗaya. Amma da aka zo zaɓen magajin gari a Mayun 2024, Khan ya samu kusan kashi 44 na ƙuri'un, Susan Hall da ta yi alƙawarin soke faɗaɗa tsarin ta samu kusan kashi 33. Wane hisabi kuma ake nema, in ji su, bayan wanda jama'a suka yi da hannunsu?

Ɗaya ɓangaren ba duka ne masu musun illar hayaƙi ba, kuma rashin adalci ne a yi musu kuɗin goro da masu sare kyamara. Su daga lissafin gida suke farawa. Mai gyaran famfo da ke yawo da tsohuwar motar kaya kwana biyar a mako zai biya fam 62.50 kafin ya ci riba, a shekara ya haura fam 3,000. Ranar caji daga sha biyun dare take zuwa sha biyun dare, don haka ma'aikaciyar jinya da ta tafi aikin kwana da yamma ta dawo da asuba ta biya sau biyu a zuwa ɗaya. Attajirin da ke tuƙa ƙatuwar sabuwar mota mai shan mai ba ya biyan ko kwabo, domin ma'aunin shekarun inji yake dubawa. Ga kuma bambancin tsakiyar gari da gefensa. A tsakiya, wanda ya ajiye mota yana da jirgi da bas a kowace kusurwa. A gefen gari kuwa layukan jirgi duk cikin gari suka nufa, mai son zuwa daga wata unguwar gefe zuwa wata sai ya sha zagaye. Ƙaramar hukumar Bromley ba ta da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ko ɗaya, kuma tsohuwar mai ƙorafi ce: ita ce ta kai tsohuwar majalisar birnin, wadda Livingstone ke jagoranta a lokacin, kotu a 1981 a kan rage kuɗin mota da harajin mutanenta, ta kuma yi nasara. Sai mutanen Surrey da Kent da Essex da ke shigowa aiki: suna biyan cajin, ba su da ƙuri'a a zaɓen magajin gari, kuma ba a sa su cikin tallafin sauya mota ba.

Ƙorafinsu na biyu a kan yadda aka yi abin ne. An nemi jin ra'ayin jama'a a 2022, kusan kashi 59 cikin 100 na waɗanda suka amsa suka ce kada a faɗaɗa, aka faɗaɗa. Tallafin da aka riƙa bai wa mutum ya miƙa tsohuwar motarsa a farfasa, wanda bai wuce fam 2,000 ga motar gida ba, da farko masu karɓar agajin gwamnati da naƙasassu da ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ya shafa. Ba a buɗe shi ga kowane mazaunin Landan ba sai a Agustan 2023, saura 'yan kwanaki dokar ta fara aiki. Masu motocin dizal suna da ƙarin ɗaci, domin tun 2001 gwamnati ce ta sauya harajin mota yadda ya fifita dizal, a kan cewa ya fi fetur ƙarancin iskar kabon mai ɗumama duniya. Mutane suka bi shawarar, sai badaƙalar Volkswagen ta 2015 ta fallasa cewa hayaƙin da injinan ke fitarwa a titi ya zarce na ɗakin gwaji nesa ba kusa ba. Wanda ya yi biyayya jiya shi ake ci tara yau. Akwai kuma zargin neman kuɗi. TfL ta rasa tallafin gudanarwa daga gwamnatin ƙasa a 2018, annobar korona ta kwashe mata fasinjoji, har sai da aka ceto ta da fam biliyan 1.6 a Mayun 2020. Ko da doka ta ce rarar ULEZ sufuri za a mayar wa, ba abin mamaki ba ne mutum ya yi zargin hukumar da ke cikin matsi.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin ya taɓa tushen amana. Kusan duk alƙaluman nasara daga ofishin mai alƙawarin suke fitowa, kuma yawancinsu lissafin kwamfuta ne da ke kwatanta abin da aka auna da abin da ake tsammanin zai faru da ba a yi dokar ba. Wannan hanya ce da masana ke bi, ba laifi ba ce, amma dole a faɗa wa mutane. A Fabrairun 2024 hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta yanke cewa wasu sanarwar rediyo na TfL sun ɓatar da masu sauraro, saboda sun ce hayaƙi ya ragu da kusan rabi a tsakiyar gari ba tare da bayyana cewa daga irin wannan lissafi adadin ya fito ba. Hukumar kula da ingancin alƙaluma ita ma ta ja kunne a 2023 a kan maganar cewa mota tara cikin goma a gefen gari sun cika sharaɗi, saboda an yi ta faɗa kafin a wallafa bayanan da ke bayanta. Sannan wasu masu bincike a Imperial College sun wallafa nazari a 2021 da ya ce tasirin ULEZ shi kaɗai a makonnin farko bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Daga baya wasiƙun da suka fito fili suka nuna mataimakiyar magajin gari mai kula da muhalli ta nemi wani farfesa na jami'ar, wanda sashensa ke samun kuɗin bincike daga ofishinsu, ya fito ya rage kaifin nazarin. Mai sayar da hatsi yana iya zama mai gaskiya, amma muddin shi ke riƙe da mudu shi ke awo, mai saye yana da haƙƙin ya yi shakka.

To, idan aka ɗora hujjojin a sikeli, me ya rage? Na farko, ɓangaren da ke neman a ƙyale magajin gari ya manta daga ina makamansa suka fito. Hukuncin Ella ba kyautar wata hukuma ba ce, uwa ce ta yi shekara bakwai tana bin kotu har ta samo shi. Ƙungiyar lauyoyin muhalli ta ClientEarth ce ta kayar da gwamnatin Birtaniya sau uku a kotu, a 2015 da 2016 da 2018, a kan gazawarta wajen tsaftace iska. Rahoton makarantu 433 kansa misali ne na abin da ke faruwa idan aka bar shugaba ya zaɓi abin da jama'a za su sani. Titsiye shi ya haifi ULEZ. Wanda ya ci moriyar bin diddigi lokacin da wani ke kan kujera ba shi da bakin cewa a daina yanzu da nasa ya hau. Kuma kowace kariyar da aka gina wa magajin gari mai son keke da bas, magajin gari mai son faɗaɗa titi zai gaje ta gobe. Johnson ya soke harajin cunkoso a yammacin birnin da Livingstone ya ƙara a 2007, da irin ikon da ake so a bar wa Khan ba tambaya.

Na biyu, matsin lambar masu adawa ya gyara tsarin. Asusun tallafin ya tashi daga fam miliyan 110 zuwa 160, daga baya 210, kuma aka buɗe shi ga kowa bayan girgizar Uxbridge. Motocin bas masu sauri na Superloop, da ke haɗa unguwannin gefe da juna, a 2023 suka fara, a tsakiyar rigimar. Da an yi waɗannan shekara guda kafin caji, da rabin wutar ba ta tashi ba. Amma nan ne gaskiyar masu adawa ta tsaya. Cewa a soke ba amsa ba ce ga titin Brixton ko ga yaran Lewisham, kuma jin ra'ayin jama'a ba ƙuri'ar raba gardama ba ce, tunda wanda abin zai ci wa kuɗi ya fi saurin cika takarda. Ƙananan hukumomi huɗu na Landan da majalisar Surrey sun kai ƙara, Mai Shari'a Swift ya kore ta a 28 ga Yulin 2023, amma abin da kotu ta duba shi ne ko magajin gari yana da ikon yi da ko ya bi ƙa'ida, ba ta ce komai a kan ko tsarin zai yi aiki ba. Zaɓen 2024 shi ma bai raba gardamar yadda masu murna ke zato ba: kusan kashi 40 ne kawai suka fita, kuma ƙuri'a ɗaya ta ɗauki batun 'yan sanda da gidaje da kuɗin mota da fushi da gwamnatin ƙasa a lokaci guda. Kotu da akwati duk suna da amfani, amma babu wanda cikinsu ke auna hayaƙi.

A nan ne giɓin da ɓangarorin biyu suka tsallake yake. Tsaftar iskar da ake shaƙa daban, ɗumamar duniya daban, kamar yadda tarihin dizal ya koyar. ULEZ irin motar yake canzawa, ba ya rage yawanta. Wanda ya sayar da dizal ɗin 2012 ya sayi fetur ɗin 2010 ya fita daga caji, kabon ɗin da yake fitarwa kuwa yana nan. Nazarin da TfL da kanta ta sa aka yi kafin faɗaɗawar ya ce tasirinta a kan kabon ɗan ƙanƙani ne. Alhali alƙawarin da Khan ya ɗauka a kan yanayi ya fi wannan girma nesa: ya ayyana dokar ta-ɓaci kan yanayi a Disambar 2018, ya kuma ce nan da 2030 kabon ɗin da Landan ke fitarwa ba zai wuce wanda ake shafewa ba, shekara 20 kafin wa'adin ƙasar na 2050. Rahoton da ofishinsa ya wallafa a Janairun 2022 ya ce hakan ba zai yiwu ba sai tafiyar da motocin gida ke yi ta ragu da kashi 27 cikin 100, kuma hanyar da aka fi dogara da ita ita ce cajin direba gwargwadon nisan da ya yi. Da zaɓen 2024 ya matso, Khan ya yi alƙawarin ba zai kawo wannan caji ba. Aka janye tsani, aka bar wa'adin a sama. Masu adawa ba su tambaya ba domin abin ya yi musu daɗi, magoya baya da yawa ba su tambaya ba don kada su ba abokan gaba makami.

Hanyar Silvertown ta ƙara fito da wannan. Rami ne na motoci a ƙarƙashin kogin Tems a gabashin birnin, an sa hannu a kwangilarsa a 2019, an buɗe shi a Afrilun 2025, kuɗinsa ya kai kusan fam biliyan 2.2. Ba a bin sa a ƙafa ko a keke; mai keke sai ya loda kekensa a bas. Ƙananan hukumomin da Leba ke mulki, irin su Newham da Hackney, sun yi adawa da shi, suna cewa sabon titi sababbin motoci yake jawowa, kuma unguwannin talakawa ne za su sha hayaƙin. Hujjar TfL ba ta banza ba ce: tsohon ramin Blackwall na 1897 ya yi ƙunci, yana yawan toshewa, motoci su yi ta ƙona mai a tsaye, kuma kuɗin wucewa da aka ɗora wa ramukan biyu zai hana yawan motoci ƙaruwa, ga sababbin layukan bas da suka samu hanya. Yana iya yiwuwa haka ne. Amma dukkan lissafin ya rataya ne a kan kuɗin wucewar, wanda wani magajin gari zai iya ragewa don neman ƙuri'a, ramin kuwa ya zauna ke nan. Aikin da ya ninka asusun tallafin ULEZ sau goma bai samu ko kusa da hayaniyar da aka yi a kan fam 12.50 ba.

Za a iya cewa ba adalci ba ne a kama magajin gari da wa'adin 2030, tunda wutar lantarki da ɗumama gidaje da harajin mai duk a hannun gwamnatin ƙasa suke, tituna kuma a hannun ƙananan hukumomi. Akwai gaskiya a nan. A Disambar 2020 ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ta tumɓuke layin keke daga babban titinta bayan mako bakwai kacal, magajin gari ya yi ta faɗa, layin bai dawo ba. Za a kuma iya cewa babban buri, ko ba a cim masa ba, yana jan mutane gaba fiye da ƙarami. Amsata ita ce wannan uzuri shi ne dalilin da ya sa dole a rarrabe alƙawari tun ranar ɗaukarsa: ga abin da ke hannuna, ga abin da nake roƙo a sama, ga abin da nake jira a ƙasa. Wanda ya karɓi tafi a taron ƙungiyar manyan birane ta C40, wadda Khan ya zama shugabanta a 2021, a kan wa'adin 2030, bai kamata ya tuna iyakar ikonsa sai ranar biya ba. Buri marar matakai kuwa yana koya wa jama'a cewa maganar yanayi ado ce, kuma wannan rashin yarda ne zai tare magajin gari na gaba ranar da ya zo da gyara na gaske.

Abin da Landan ke buƙata ba sabon abu ba ne a ƙasar. Dokar sauyin yanayi ta 2008 ta kafa kwamiti mai zaman kansa da ke duba gwamnatin ƙasa kowace shekara, ya kai rahoto majalisa, gwamnati kuma dole ta amsa. Birnin Oslo tun 2017 yake lissafa kabon a cikin kasafin kuɗinsa, kowane mataki da adadin da ake sa ran zai rage da sashen da zai amsa tambaya. Landan ta fara irin wannan kasafi, amma har yanzu ofishin mai alƙawarin ne ke rubuta shi. Kamata ya yi a samu masu awo da majalisar birni ke naɗawa, da kuɗin da magajin gari ba zai iya yankewa ba, su riƙa wallafa abu uku kowace shekara: nawa hayaƙi da kabon suka ragu a zahiri, nawa tafiyar motoci ta ragu daga kashi 27 ɗin da aka ce, da kuma su wa suka biya, unguwa-unguwa da gwargwadon samu. Kada a furta adadi a rediyo sai bayanansa na fili a ranar. Kada caji ya fara sai tallafi da bas sun riga shi isa. Wannan zai kare shugaba mai gaskiya fiye da shirun magoya bayansa, domin adadin da ba shi ya ƙirga ba ya fi wuyar ƙaryatawa. Wa'adin Khan na uku zai ƙare a Mayun 2028, alƙawarin kuwa sai 2030 zai cika. In ba a fara neman lissafin shekara-shekara tun yanzu ba, ranar da bashin zai nuna, wanda ya ci shi ba lallai yana kan kujerar da za a tambaye shi ba.